Shawara: Na tashi ana hutun rabin wasa, yanzu abokina ba shi ɗaukar wayata

Salamu alaikum Baba. Ni mushe ne, ina koyarwa a wata lakwal nan Maradi, shekarata 31. Tun ina yaro nake son teyatur, duk inda na ji za a yi wasan kwaikwayo ina zuwa, amma ina da hali guda, in wasa bai yi min ba da an ba da hutun rabin lokaci sai in hau babur ɗina in yi gida. Bana kaɗai sau ukku na yi haka. To sati biyu da sunka wuce abokina na fada, wanda munka tashi tare tun muna ƙanana, turup ɗinsu sunka yi wasa, shi ya tsara shi kuma shi ke da babban rol. Har gida ya kawo min kati, ya aje mana kujera layin gaba ni da maiɗakina. Baba wallahi wasan bai yi ba. An ce ƙarhe 8 da rabi ba a fara ba sai wajen 10, mikro na ta kuka, ƴan wasa na ta maimaita magana guda kan auren wuri kamar masu karanta kaye, kusan awa guda ba abin da ya faru. Da anka ba da hutu na ja matata munka tahi. Tun ranar ba shi ɗaukar wayata, in na zo fada sai shi tashi. Matata ta ce wulaƙanci na yi, ni kuma ina ganin lokacina ne, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Shin dole ne mutum shi zamna kallon abin da bai yi mishi ba? Ni ke da laihi?

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi ma albarka da ka rubuto ba ka bar abin ya ruɓe ma a ciki ba. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma tun ban kai ƙarshe ba zuciyata ta koma shekara arba'in baya, don ni ma na taɓa tsayawa bisa dandali ina kallon kujerar da mutum ya tashi ya bari. Zan faɗa ma yadda nake ganin abin, in ya yi ɗaci ka yi haƙuri.

Tambaya biyu ce ka ɗaure da igiya guda. Ta farko ko dole ne mutum shi zamna har ƙarshe, a'a ba dole ba ne, sau ukkun nan da ka ce ka tashi bana in dai tike ka saya da kuɗɗinka ka shiga kamar kowa ban ga abin da wani zai riƙe ka da shi ba. Ta biyu ita ce daren abokinka, nan kam matarka ta hi ka gaskiya, kuma zan zo kanta.

Shi hutun tsakiyan ga asali ba namu ba ne. Wasanninmu na gida, tashe da azumi, wasan kara irin na Damagaram, ƴan kama da ƴan gambara a bakin kasuwa, duk ba su da wani rabin lokaci, zobe mutane ke yi su kewaye ƴan wasa, mai zuwa na zuwa mai tahiya na tahiya ba wanda ya ƙirga wani. Hutu ya zo ne da ɗakin wasa irin na Turawa. Can da kahin a samu lantarki da kyandir suke haska ɗakin, to dole a dakata a gyara lagwani a sake kayan dandali, yau kuma minti 15 zuwa 20 ne ake ba mutane su kewaya su miƙe ƙafa, mai ɗakin shi ma shi sayar da abin sha. A Landan ko Paris wanda wasa bai yi mishi ba a wannan lokacin shike ɗaukar kayanshi shi tahi, ba a maida mishi kuɗɗinshi ba a kuma bin shi da kallo. Mu nan galibi a silima munka san shi, fim ɗin Indiya mai kusan awa ukku da ake tsaida shi tsakiya a hita a sayi gyaɗa da ruwan sanyi. Saboda haka da ka jira hutu kahin ka tashi, wannan kam ladabi ne kuma na yaba ma. Ka hi wanda zai miƙe ana tsakar magana shina jan kujerar ƙarhe shina amsa waya da ƙarhi, shi je bakin ƙofa shi tada babur hayaƙi da ƙara su cika hili.

Kuma ban yarda da masu cewa "ai na biya bari in ci kuɗɗina" ba. Jika gudan nan ko dala ɗarin nan ta tahi tun a ƙofa, zama ba shi maido ta, sai dai ka ƙara mata awa guda ta barcinka, kai ko ƙarhe 8 na sahe yara na jiranka a kilas. Wani abin ma da ƴan kallo ba su sani ba, mutumin da ya zamna gaba ya ɗaure huska shina tsaki shina latsa waya hasken na bugun huskarshi, ya hi kujera wofi kashe ma ɗan wasa jiki. To ka ga ba wai ina ce ma ka riƙa azabtar da kanka ba ne.

Amma karin maganar ga da ka kawo ta Juma'a da Laraba, ba kullum take cin teyatur namu ba, kuma nan nake son ka ba ni aron kunnenka don wannan na san shi da jikina. Zamanin Seyni Kunce, bayan ya hau mulki a 1974, anka tada samariya, wato ƙungiyoyin matasa, kowace unguwa da tata, anka kuma ƙirƙiro festibal na matasa na ƙasa wanda anka fara a Zinder a 1976 shina zagaya manyan garuruwan jihohi, gasa tun daga unguwa har sama, waƙa da rawa da teyatur. Lokacin ne su shahararren ɗan wasan nan Yazi Dogo da turup ɗin Zinder sunka shiga kowane gida ta rediyo da telbijin. To mu da munka tashi cikin wannan ba mu san wani rubutaccen wasa da ake haddacewa ba. Labari ake zamna a tsara a baki, a raba shi kashi-kashi, kowa ya san ko shi wane ne, maigida ne ko dillaliya ko dogari, ya san inda kashin zai fara da inda zai tsaya, amma maganar kanta daga bakinshi take hitowa a wurin. Har yau yawancin turup ɗinmu haka suke aiki. Irin wanga wasa farkonshi nauyi gare shi, gaisuwa ce da shiga gida da hita gida, ana nuna ma wa ke bin wa bashi, wa ke son ɗiyar wa, ƴan wasa kansu jikinsu da sanyi sai sun ji dariyar farko daga jama'a kana harshensu ke warwarewa. Zaƙin duk shina baya, lokacin da rigima ta kai gaban mai unguwa, daga nan gaban sarki ko alƙali, kowa ya hallara asiri ya tonu. Wanda ya tashi a rabi surhe da daka ya gani, bai tsaya damun hura ba.

Ga kuma wani abu da ya sa na tsaya kan saƙonka, ka ce wasan kan auren wuri ne. Da yawa cikin wasannin faɗakarwa da furoje ke ɗaukar nauyi ana yin su ne da tsarin da ake ce ma teyatur forum. Wani ɗan ƙasar Brazil mai suna Augusto Boal ya hito da shi cikin shekarun 1970, maƙwabtanmu na Burkina Faso sunka riƙe shi da hannu biyu, turup ɗin Prosper Kompaore na Wagadugu tun 1978 suke aiki. Yadda ake yin shi, kashi na farko da gangan ake barin zalunci shi ci nasara, a cire yarinya daga lakwal uwa ta yi shiru mushe ya kasa komi, ranka shi ɓaci, sai a dakata, bayan nan a juyo ga ƴan kallo a ce wa zai hau shi karɓi wurin uwar ga ko mushen ga shi nuna mana yadda za a yi? Nan ne wasa ke kama wuta, tsohuwa ta hau dandali ta tsare uban yarinya, jama'a na ihu. In irin wannan abokinka ya tsara to ka tashi daidai inda ake bukatar mutum irinka, mushe mai ganin ɗiyan mutane na ɓacewa daga kilas shekara-shekara. Ka tambaye shi.

Ni a gurina ɓacin wasa iri biyu ne. Akwai wanda hutu ke gyarawa, mikro mai kuka, wuta ta ɗauke an koma gurup, ƴan wasa sun tsorata da jama'a, wani ya manta kashinshi. Mintocin nan bayan rido, wato labulen dandali, ba hutu ba ne ga turup, mai tsara wasa shina ta faɗa, a yanke kashi kaza, wane ɗaga murya, wance daina ba jama'a baya, a aje mikro a yi da baki, na sha ganin turup ta koma kamar an sake ta. Akwai kuma wanda ba abin da ke gyara shi, batsa a gaban yara da iyaye, ko a maida makaho ko gurgu ko mai taɓin hankali abin dariya, ko zagin wata ƙabila da ya wuce wasan tobastaka irin na Hillani da Barebari ya zama cin mutunci. Wannan ko hutu kada ka jira, kama hannun iyalinka ku hita, ko wa ya gayyace ka. Abin da ka lissafa min a saƙonka duk na farkon ne, ɗana. Gajiya ce ta kama ka, ba wanda ya ci ma mutunci.

Bari in ba ka nawa labari. Wajen 1985 ina saurayi anka ba ni rol na wani tsoho mai rowa. Kawuna da ya riƙe ni bai son harakar ko kaɗan, a ganinshi ɗan gidan mutunci ba shi zama ɗan wasa, na yi sati ina roƙo ta bakin innata kahin ya yarda ya zo. Na aje mishi kujera gaba da hannuna. Da munka dawo daga hutu na ɗaga ido, kujera ba kowa. Wallahi ɗana sauran wasan ban san yadda na yi shi ba, bakina na magana idona na kan kujerar nan, abokin wasana har taka min ƙafa ya yi don in dawo hayyacina, daren nan ban runtsa ba ina ta cewa shi ke nan ya tabbatar ni ba komi ba ne. Bayan sallar asuba ya kira ni zaure. Ya ce min ya tashi ne don yadda na kwaikwayi tsoho da rawar baki da rawar hannu jama'a na ta dariya, shi kuwa mahaihinshi ya gani a ciwonshi na ajali, zuciyarshi ta kasa ɗauka. Ya ce rowar tsohon ita ce abin dariya, tsuhwanshi ba abin dariya ba ne. Kana ya ce amma muryarka har bayan hili tana kai wa. Maganar ga ba ta kai minti biyar ba, ita ta riƙe ni shekaru a teyatur, kuma ban sake yin tsoho da rawar baki ba. Shi ma tashi ya yi kamar yadda ka tashi, sai dai gari na wayewa ya neme ni. Kai sati biyu ke nan, abokinka shina nan da kujerar nan cikin kanshi shina ba kanshi amsa, kuma ka tabbata amsar da shike ba kanshi ta hi gaskiyar muni.

Ka gane bambancin tike da kati. Tike ciniki ne, ka ba da kuɗɗi an ba ka wuri, in haja ba ta yi ma ba ka yi gaba. Kati kuwa gayyata ce, mutum ya tako har gidanka ya ce zo ka tsaya min. Kamar suna ne ko ɗaurin arme, in ka je ka tarar an yi latti rana na dukanka abinci ya yi gishiri, ba ka sulalewa kahin fatiha ba sallama, in ma tahiyar ta zama dole sai ka nemi mai gida ka kama hannunshi ka ce ina da uzuri. A hutun nan mi ya hana ka zagaya bayan rido minti guda ka ce mishi dare ya yi gobe ina da kilas, Allah shi ba da sa'a, za mu yi magana? Da zai ji ba daɗi amma da ba a kai nan ba.

Kuma layin gaba ba kamar ko'ina ba ne. Kai da kake zamne kana ganin kai guda ne cikin ɗaruruwa, kamar a hilin kokowa na Kantu inda in ɗan kokowarka ya faɗi ka kakkaɓe riga ka hita ba wanda ya san ka hita. Ɗan wasa ba haka shike gani ba. Hitila na cikin idonshi, bayan layi biyu ko ukku duk duhu ne, huskokin gaba kaɗai gare shi, cikinsu kuma ta wanda ya sani shike nema don shi samu ƙarhin gwiwa, shi ya sa ya aje ka nan. Kujera biyu wofi a layin gaba kamar giɓi ne a bakin mutum, kowa na gani, manyan baƙi na gani, in akwai mutanen furoje da za su yanke ko a sake ba turup aiki su ma suna gani, ƴan turup ɗinshi da ya ce ma aminina na nan zuwa suna gani. Sau da yawa ma in na gaba ya tashi na baya sai su ga an buɗe musu hanya.

Ka kuma tuna abin da yaran ga ke sakawa a ciki. Tela ne da ɗan kabu-kabu da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da mai sayar da kati na waya, kowa ya gama neman abincinshi kana su haɗu repetisiyo da dare, wata biyu wata ukku, ba albashi, kayan sawa aro ne, sono, wato kayan sauti, haya ce wani lokaci da bashi. Garinmu kuwa garin kasuwa ne da malamai, ka san yadda ake kallon wanda anka ce ɗan wasa ne, balle ɗiya mace da sai an je an roƙi ubanta sau nawa kahin ta hau dandali. Abokinka ya saba da rainin mutanen waje, wannan ba shi hana shi barci. Naka ne ya soke shi don kai ne mai son teyatur cikin fadarku, hukuncinka shike jira.

Wata kalma a saƙonka ta tsaya min, ka ce "na ja matata". Ka tambaye ta kuwa ko ita tana son ganin ƙarshe? Ita ma gayyatarta anka yi, kuma ita ce za ta haɗu da matarshi ko ƙannenshi wajen biki a yi mata kallon ku ne kunka tashi. Ita ma tana da haƙuri guda a gurinka.

Abin yi yanzu, ka bar kiran waya haka nan, kira goma da ba a ɗauka ba ba su kai tako guda ba, zuwa da kai ya hi aike. Kada ka tare shi a fada gaban mutane, can dole kowa shi kare girmanshi. Ka je gidansu ko shagonshi lokacin da ka san shi kaɗai ne, bayan la'asar ko bayan isha'i, ku gaisa, ka ce mishi ka gayyace ni ka girmama ni ka aje ni gaba, na tashi ban yi ma sallama ba, ban kyauta ba ka yafe min. Daga nan ka yi shiru. Kada ka liƙa mata "amma ai ku ma kun yi latti", da ka ce amma haƙurin ya zube. Kuma don Allah kada ka yi ƙarya, kada ka ce yaro ne ba lahiya ko an kira ka gida, Maradi ba ta da girman da ƙarya za ta ɓoye a cikinta, kuma ya san halinka na tashi tun ba yau ba, in ka yi mishi ƙarya ka nuna mishi bai isa a gaya mishi gaskiya ba, wannan rainin ya hi na farko.

Wataƙila ranar ba zai tambaye ka komi kan wasan ba, to ka bar shi. Amma zai tambaya, ko bayan sati ne, duk mai tsara wasa cikinshi na cin shi shi ji. Ranar kada ka ce wasa ya yi kyau, kada kuma ka ce wasa bai yi ba ka tsaya nan, wannan ba ta amfanin kowa. Kai mushe ne ka san yadda ake gyaran kaye, ba ka zana jan layi tun daga sama har ƙasa, wurin kuskuren kake nunawa. Ka fara da gaya mishi rabi ka gani saboda haka rabin hukunci gare ka, shi ba ka labarin sauran, in wani ya ɗauka a waya ku zamna ku kalla tare. Kana ka kawo naka guda-guda. Lattin awa ɗaya da rabi gaskiyarka ce, galibi jiran manyan baƙi ke jawo shi, kuma jama'ar da ta gaji kahin a buɗe rido ko wane gwani ne sai ya sha wuya kahin shi tada ta, ka ce mishi su riƙa farawa kan lokaci ko su sa ƴan waƙa su riƙe mutane. Mikro a gwada shi tun da rana, in ya ƙi a aje shi, mu da baki munka yi a hili buɗaɗɗe. Babbar maganar ita ce ta maimaici, kuma ita ce cutar wasannin faɗakarwa da yawa, saƙo na hitowa daga bakin ɗan wasa kamar sanarwa a rediyo, auren wuri bai da kyau, auren wuri bai da kyau, alhali ba wanda ya shigo hilin nan bai taɓa jin wannan ba. Abin da ke kama zuciya shi ne yarinyar ta zama mutum, a san sunanta, a ga tana son lissahi ko tana son zama ungozoma, a ga ƙawarta na wucewa da jakar lakwal ita tana daka. Uban ma kada a maida shi dodo, a ba shi dalilinshi na gaske, bashi ne ya ci shi, ko damina ce ba ta yi ba, ko tsoron abin kunya ne, don uban da ke zamne cikin ƴan kallo shi ga kanshi, in dodo ya gani zai ce wannan ba ni ba ne shi koma gida yadda ya zo. Irin wagga magana in ta hito daga bakin amini gyara kayanka ce, ba ta zama sauke mu raba. In ya ga da gaske kake ka ce shi kira ka repetisiyo na gaba ka zamna musu a matsayin ɗan kallo na farko, turup ɗinmu ba abin da suke rashi kamar wannan.

In ka je ya ƙi sauraronka kada ka yi hushi ka ce ai na yi nawa. Ka ba shi kwana biyu kana ka sa babba cikin fadarku, wanda ku duka kuke jin nauyinshi, shi shiga tsakani. Abin da ban so shi ne ka shiga neman magoya baya, kana tambayar ƴan fada ɗaya-ɗaya ko a gurup na WhatsApp "don Allah wasan nan ya yi?" Duk wanda ya ce ma bai yi ba maganar sai ta koma kunnenshi, kuma da sunanka za ta koma.

Nan gaba in tike ka saya kuma kana jin wataƙila ba za ka kai ƙarshe ba, ka zamna gehe kusa da ƙofa, ka hita cikin hutu ba hayaniya, ka tura babur ɗinka nesa kaɗan kahin ka tada shi, kada ka tsaya bakin ƙofa kana sanyaya ma masu komawa gwiwa, in za ka rubuta a Facebook ka faɗi cewa rabi ka gani. In kati ne kuma ka san daren bai ba ka dama, tun wajen karɓa ka ce ƙarhe 11 zan tahi a ba ni kujerar baya, ba mai jin haushin wannan.

Sai dai sau ukku cikin shekara guda ya yi min yawa, ɗana, har da na abokinka huɗu. Wasa nawa ake yi a garin ga gaba ɗaya? Ko gidan matasa na Bawa Ɗan Wardanga ba kowane sati ake teyatur a cikinshi ba, fim na waya da na Kano sun ɗauke mutane, masu zuwa su zamna gaban dandali saboda son abin kaɗan ne kuma kana cikinsu. In irinka ya sulale shiru turup ba ta koyon komi, za su ce sanyi ne ya kore shi ko sauro. Ina roƙonka wasa na gaba da ranka ya ce tashi, in dai ba batsa ko cin mutunci ka gani ba, ka sha ruwa ka koma kujerarka ka ga abin da hutun ya yi musu, in an gama ka nemi mai tsara wasan ka gaya mishi abu guda da ya yi da abu guda da bai yi ba.

Ka je gurin abokinka cikin satin ga kada maganar ta kai sati ukku. Ka gaida min maiɗakinka. In kun shirya ka rubuto min, kuma ka tambayo min shi yadda wasan ya ƙare, ina son in ji ko yarinyar ta koma lakwal.